Ruwan Magarya

Gwaggona ce ta koya mini wankan gawa, a Gummi, tun ban yi haihuwar fari ba. Ba don ta fi sona ta zaɓe ni ba. Cewa ta yi ta lura, cikin 'yan matan gidan ni kaɗai ce in na ga abu ba na kai shi gaba. Ta nuna mini yadda ake naɗe ƙyalle a hannun hagu, yadda ake danna ciki a hankali, yadda ake yi wa mamaciya alwala a fara da ɓangaren dama, a murje ganyen magarya cikin ruwa har ya yi kumfa, a bar kafur sai ruwan ƙarshe. Wannan duk aikin hannu ne, kowa yana iya koya. Abin da ta fi nanata mini shi ne baki. Duk abin da idon mai wanka ya gani a jikin mace bayan ranta ya fita, tabo ne, ciwo ne, ko wani abu da ta ɓoye tsawon rayuwarta, amana ne. Ba a gaya wa mijinta, ba a gaya wa uwarta. A kan wannan na rayu, har yau ban sauka daga kai ba, don haka kada wani ya jira jin abin da ba zai ji ba a nan.

Aure ya kai ni wani ƙauye bayan Adabka, ƙasar Bukkuyum. Can na haihu, can na binne mijina, can na zama wadda ake aikowa kira duk sa'ad da mace ta rasu. Mai wanka ba ta wanka ita kaɗai, sai da mai zuba mata ruwa. Tawa maƙwabciyata ce, Bafillatana da iyayenta suka daɗe da zama cikin gari, doguwa, ba ta da yawan magana. Mun yi aiki tare har ya zama ba sai na ɗago kai ba. In ce zuba, ta zuba daidai inda hannuna yake. Mutane suna girmama mu, amma daga nesa. Ranar suna ba a miƙo mana jariri da sauri, yara kuma ba sa son furar da na dama. Ban taɓa damuwa ba. Ni ma ba na son yara masu hayaniya.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi, bayan an gama kai hatsi rumbu. Ni na kwanta cikin karan dawa da aka jingine a bayan danga, na tsira. Da suka tafi, waɗanda suka rage suka fito daga daji, maza suka kama haƙa, ni kuma aka nuna mini ɗakin da aka tara gawarwakin mata. Na yi aikina. Bayan nan gari ya watse, ɗana ya zo da babur ya ɗauko ni zuwa Anka, inda yake ɗan kasuwancinsa.

A Anka gidan haya ne, ɗakuna a jere, kowa da murhunsa a bakin ƙofa. Surukata ba ta rage ni da komai ba, sai dai ba mu da abin cewa da juna. Ina zama a tabarma ina kallon matan gidan, na san wadda ke zuba gishiri fiye da ƙima, na san wadda ba ta ɗauraye kwano da kyau, amma babu wadda ta san ni. Da sannu labari ya fita cewa tsohuwar ɗakin ƙarshe mai wanka ce. Da wata dattijuwa ta rasu a unguwar aka aiko. Na ɗauki mayafina na tafi kamar yadda na saba.

Ina shiga ɗakin, wata ta riga ta murje magarya a ƙwarya. Ƙamshin ya buge ni, hannuwana suka mutu. Ina ganinsu a jikina amma ba nawa ba ne. Kunnuwana suka toshe, gumi ya keto mini, ƙafafuna suka juya da ni waje ba da shawarata ba. Ban tsaya ba sai bakin masallacin unguwa, inda maza ke zaune suna jiran a fito da gawa. Duk suka bi ni da ido. Tun ranar ba a sake aikowa ba. Ko ƙarƙashin itacen magarya na daina bi.

Ɗana ya kai ni wurin malami, aka yi mini tofi, aka ba ni rubutu na sha. Na sami barci, ban raina ba. Hannuwan dai ba su dawo ba.

Ana nan aka kawo taubashiyata daga Gummi, gidan ɗiyarta da ke aure a Anka, don ta fi kusa da asibiti. Ita ɗiyar kawuna ce, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna yara baiwarta take kirana, ni kuma ban taɓa barin ta ta ci bulus ba. Ita kaɗai ta rage a duniya wadda ta san ni da baƙin gashi. Na same ta kwance, ƙafafu sun kumbura, ciki ya tashi, ido ya yi rawaya. Na ga irin wannan da yawa, na san inda ya nufa. Ita ma ta sani.

Ta sa ɗiyarta ta fita, ta dube ni ta ce, "Baiwata, an ce kin yi ritaya."

Na ce da bakinta ya kumbura maimakon ƙafa, da mutanen gida sun huta.

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Ba wasa nike ba. Ba ni son matan garin ga su juya ni suna kallo. Ban san su ba. Ke za ki wanke ni."

Na gaya mata gaskiya, ba na iyawa. Ta ce ta ji, duk Anka an ji, har Gummi an ji na fito a guje kamar wadda kare ya biyo. Sannan ta ce akwai wata nas a asibitin da ake kai ta, Kirista ce daga wajen Filato, wadda ke zama da matan da suka gudo daga ƙauyuka a wani ɗaki bayan wurin karɓar magani. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, magana kawai. Na ce in dai magana ce magani, da ita ba ta taɓa ciwo ba. Ta ce in je ko kada in je, amma in sani, in baƙuwa ta wanke ta, da ni za ta yi shari'a.

Na je. Nas ɗin gajeriya ce mai kauri, ta kai sa'ar ɗana, Hausarta irin tasu ce ta can, a miƙe. Mama take ce mini. Ta ba ni kujera na ce tabarma, ta sauko ita ma ta zauna ƙasa. Wannan na lura da shi.

Ta tambayi abin da ke faruwa da ni, na faɗa a taƙaice. Sai ta yi mini bayani, ba tare da na nema ba. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ba shi da aiki sai gadi, da ya ji haɗari yake tayar da jiki duka kafin mutum ya yi tunani. Akwai kuma wani wurin da ke jera abubuwan da suka faru, ya ce wannan na jiya ne, wannan na bara ne. Ranar da tsoro ya wuce kima, mai gadin yana rinjayar mai jerawa, sai ranar ta tsaya ba a ajiye ta cikin abin da ya wuce ba. Shi ya sa da ƙamshin ya shiga hancina, jikina ke ɗauka yanzu ne abin yake faruwa. Aikin da aka koya mata, in ji ta, shi ne ta mayar da mutum baya a hankali, idonsa a rufe, jikinsa a natse, har ya isa ranar ya sake bi ta cikinta yana sane da cewa yana zaune lafiya a wani wuri. Ana zaton duk tunanin da aka ɗauko, kafin ya koma ma'ajiya yana iya ɗaukar wani abu sabo, natsuwar yau ta shiga cikin firgicin jiya. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, masu ilimin ma ba su gama gane shi ba. Kuma ba za ta matsa mini in tono abin da ban tuna ba, don kai in aka takura shi yana iya ƙago abin da bai faru ba.

Ni abin da na fahimta, hatsi ne aka zuba rumbu da danshinsa. Yana can yana zafi, sai an fito da shi an shanya a mayar. Wannan bai yi mini wuyar ganewa ba. Na yarda, na rufe ido.

Ta yi ta magana a hankali, in ji numfashina, in ji tabarma ƙarƙashina. Can ta ce in koma ƙofar ɗakin nan na ƙauyenmu, in gaya mata abin da nake gani a ciki.

Na buɗe ido na miƙe. Na ce mata, "Ɗiyata, ke ba ki san abin da kika roƙa ba. Matan ga ba su da bakin hana ni, shi ya sa ba ni faɗi." Na ɗauki takalmina na fita. A hanya ina ta faɗa a raina, yarinyar da ba ta taɓa rufe idon gawa ba za ta sa ni tallar matattu.

Na ɗauki kwanaki ban koma ba. Kullum da la'asar ina zuwa wurin taubashiyata in matsa mata ƙafa. Ba ta sake tayar da maganar ba, wannan ya fi zagi ciwo. Rannan na iske ta daina cin tuwo, sai kunu, kunun ma cokali kaɗan. Na dawo gida na zauna ina duban hannuwana, ga su lafiya lau, suna tsinke zogale, suna ɗaure zane.

Da na koma, nas ɗin ba ta nuna ta yi fushi ba. Ta ce ta tambayi wata abokiyar aikinta Musulma, an yi mata bayanin amanar mai wanka, kuma ta yi kuskure. Ta ce, "Mama, ba na bukatar abin da kika gani a jikinsu. Ki bar musu nasu. Ki ba ni naki kawai, inda ƙafarki ta tsaya, abin da hannunki ya riƙe." Na auna maganar, ina neman inda za ta zame ta taɓa matan. Ban samu ba. Na ce to.

Wannan karon ba ta kai ni ƙauye ba. Ta ce in koma can baya, wurin da na fara sanin ƙamshin magarya. Na zaci ɗakin gwaggona zan gani, ranar wankana na farko. Sai ga ni a bakin gulbi a Gummi, ban fi shekara bakwai ba, Innata ta durƙusar da ni tana wanke mini kai da ganyen magarya saboda ƙwarƙwata. Ruwan yana gangaro mini a wuya, kumfar tana shiga ido, masunta suna jan koma can ƙasa, taubashiyata tana tsaye da ƙwaryar shinkafa tana yi mini gwalo. Ban manta da ranar ba, amma rabona da in leƙa ta tun kafin aure. Nas ta ce in tsaya nan, kada in yi sauri. Na tsaya. Da na buɗe ido, kunya ta kama ni, tsohuwa da ni, wuyan rigata ya jiƙe da hawaye.

Haka muka yi ta yi, duk ranar da asibiti ba cunkoso. Daga gulbi zuwa ɗakin gwaggo, daga nan zuwa shekarun aure, wanka bayan wanka, ba na faɗin ko wace ce, sai dai in ce da damina ne, ƙasa ta jiƙe, gwiwata tana ciwo. In zuciyata ta fara gudu sai ta tsayar da ni, ta sa in faɗi sunan ranar da muke ciki da garin da nake, in taɓa bango. Wata rana ta ce in zo da ganyen magarya da kaina. Na tsinko shi ina kau da kai, na ƙulle a bakin zane, muka ajiye shi can nesa kusa da ƙofa. A zama na gaba ya matso.

Ranar da muka isa ɗakin nan na ƙauyenmu, na faɗi nawa kawai. Ƙafata ba takalmi. Tulu yana hagu da ƙofa. Magaryar da aka samo ba ta isa ba, ina ta ƙara ruwa a kan tsohuwar kumfa. Rana tana shigowa ta inda jinka ya ɓule. Na durƙusa, na naɗe ƙyalle, na sa hannu. Sai na ji bakina, a nan cikin asibitin Anka, ya ce, "Zuba."

Nas ta tambaya a hankali, wa nake gaya wa.

Mai zuba mini ruwa tana cikin waɗanda aka shimfiɗe a ɗakin. Wannan ba sirrin jikinta ba ne, duk garin sun sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun daga ta farko har ta ƙarshe ina cewa zuba, ina jira, sannan in miƙa hannu in ɗebo da kaina. Ba macen da ta iya shigowa ta taya ni, ban kuma ga laifinsu ba. Na gama, na fito, aka ce sannu, aka ɗauka. Ba wanda ya yi mini gaisuwarta, don ba 'yar'uwata ba ce, ni ma ban zauna makokinta ba. Washegari muna kan hanya.

Ranar na daɗe a ɗakin nas. Ta bar ni na zauna. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce Allah Ya ji ƙanta, irin yadda muke faɗa. Ita ce ta farko da ta ce mini haka a kanta.

Kada a ce daga nan na warke. Kwanakin da suka biyo sun fi na baya muni, abinci ya fita raina, na yi wa surukata tsawa a kan tsintsiya. Mun sake komawa ɗakin nan na ƙauye ba sau ɗaya ba. Abin da na lura, kowane komawa ɗakin yana ƙara nisa, kamar ina hango shi daga bakin danga. Ko mai gadin nan ne ya gaji, ko mai jerawa ne ya sami wurin ajiye ranar, ban sani ba, ban ga cikin kaina ba. Na dai kai ga murje magarya a tafin hannuna in shaƙa, zuciyata ta buga ta koma.

Na gaya wa taubashiyata. Lokacin muryarta ta yi ƙasa, sai na sunkuya. Ta ce, "Ashe ke ma kina jin magana. Da na sani tun tuni na kai ki a gyara mini ke." Na ce ta yi ta mutu in za ta mutu, ina da wanki a gida. Ta ce kada in sa mata ruwan sanyi, kuma in tsefe kitson a hankali, ta san muguntar hannuna.

Ta rasu da safe, cikin bazara, ana kukan zafi. Ɗiyarta ta zo da kanta ta kira ni. Matan unguwa sun cika tsakar gida, cikinsu har da waɗanda suka ga fitata a guje wancan karon. Wata mai wanka ta unguwar ma ta zo, tana zaune kusa da ƙofa da mayafinta a kafaɗa, ko da za a bukace ta. Ban ji haushi ba. Ni ma da haka zan yi.

Na sa aka ɗumama ruwan. Na murje magaryar da hannuna. Na ce ɗiyar ta shigo ta riƙe buta, na gaya mata ƙa'ida tun a bakin ƙofa, abin da ta gani a nan ya tsaya nan, ko da uwarta ce. Da na durƙusa na naɗe ƙyalle, abin ya taso, kunnuwana suka fara toshewa, yatsuna suka yi sanyi. Na dafa bango. Na faɗa a raina, yau Laraba, Anka nake, wagga taubashiyata ce, ciwo ya kashe ta a kan shimfiɗarta. Na jira. Ɗiyar tana kallona, ba ta san ko ta kira mai wankan da ke waje ba. Na ce ta tsaya inda take.

Hannuwan suka dawo, ba duka ba, amma iya abin da aiki ke so. Na yi mata alwala, na wanke dama, na wanke hagu. Ɗiyar tana kuka tana zuba ruwa ba kai, na ce ta rage, ba rijiya muke yashewa ba. Na tsefe kitson a hankali kamar yadda aka umarce ni, na wanke, na raba gashin uku. Na sa kafur, na naɗe ta, na ɗaure. Ban taɓa jinkiri a wanka irin na ranar ba, har maza suka aiko tambaya. Da na fito, mai wankan unguwar ta tashi ta ba ni wuri a tabarma.

Bayan an share makoki na shirya na tafi asibiti in gaya wa nas, don ita kaɗai ce za ta san girman abin. Na iske ɗakin an cika shi da kwalaye. Aka ce an yi mata canjin wurin aiki, wasu suka ce Gummi, wasu suka ce ta koma garinsu. Wani ma'aikaci da ke zaune a bakin ƙofa ya tambaye ni, Inna, me ke damun ki. Na tsaya ina dubansa. Na ce gwiwa. Ya rubuta mini magani, na karɓa, na biyo hanyar kasuwa na dawo gida.